Ɗakina a Cikin Akwatin Pompi

Abin nan ya faru ne rani na biyu bayan rasuwar maigidana Malam, shekarar da kogi ya cika har ya lashi gindin tsamiyar mashaya, tun kafin a rufe gada manyan motoci su yi ta barci a kan gudiro, wato titin kwalta. Shekarar ce haƙorina na gaba ya tafi a cikin rake, kuma ita ce jikata Balkisa ta kusa gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai. Na zaunar da ita ta rubuta labarin yadda ya fito daga bakina, don na gaji da jin yadda ake ba da shi a gidajen suna. Har yaran da lokacin ba su iya ɗaura zani ba, yau cewa suke yi Kaka ce ta mai da lambu tafki. To, ba ni ba ce. Yatsana bai taɓa sauka a kan ordinatar ba. Hukunci kawai na yanke, kuma hukuncin lafiyarsa lau, ƙarar ce aka kawo mini a karkace.

Ku fara sanin wace ce ni, don wasunku a kan tabarma kuka tarar da ni kuna zaton a nan aka haife ni. A unguwarmu ta Gaya, tun ina da wuyan ɗauko buhun gari daga kasuwar ƙetare, ba a raba naman suna ko na watanda sai an aiko a kira ni. Ban taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba, ko don fakewa ruwa, amma idona ya fi sikeli gaskiya. In na kasa nama, mace sai ta zagaya shi har ƙafarta ta gaji ba ta ga kashin da ya fi wani ba. Hanta da ƙoda ma yanka su nake yi ƙanana, kowane kashi ya samu. Da wannan hannun na raini 'ya'ya uku da tarin jikoki, kuma dokata ɗaya ce: abin da yara biyu suka ja, a raba musu, in ba ya rabuwa a samo na biyu. Ba wanda ya taɓa tashi daga gabana yana cewa na fifita ɗan'uwansa.

Abu ɗaya na hana a raba a duniya, shi ne lambun Malam. Lambu ne dogo, ƙafarsa a kogi, kansa a bakin gudiron da ya nufi gada. Albasa a tsakiya, rake a ƙasa, can sama kuma bakin hanya akwai mangwaron da na dasa da hannuna ina da cikin autata Ramatu. Da Malam ya rasu, magada suka yarda a bar shi a haɗe ana ci tare. Sai dai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Babba nake ce masa, mutumin mota ne. Kamyo gare shi, manyan motoci, suna ɗauko kaya daga bakin teku. Ni in na dubi lambu albasa nake gani, shi kuwa in ya duba wurin ajiye kamyo yake gani. Kuma ban ce ba shi da hujja ba. Injin ban-ruwa yana shan mai kamar bai da uwa, 'yan ƙwadago duk sun watse sun koma kabu-kabu, wanda ya rage kuma sai ya kunna inji ya kwanta a inuwa, ruwa ya yi yawa nan ya yi kaɗan can.

Ran nan Babba ya zo gaisuwar safe, ya daɗe a tsugune, na san akwai magana.

"Iya, lambun nan ni yake ci, ba ni nake cinsa ba. A raba, kowa ya san nasa."

Na ce, "Ubanka bai gama ɗumama kabarinsa ba."

"Rani biyu ke nan, Iya."

"To kabarin ne mai sanyi."

Muna cikin haka jikoki uku suka shigo, ashe sun jima suna ƙulla abinsu. Akwai Lawali, ɗan Babba, mai gyaran salula a bakin tasha, shi ne babbansu kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Akwai ɗan Mamman, ɗana na biyu, jikan nan ya ci sunan Malam, don haka Maisuna nake ce masa, aikinsa kafa wa mutane pano mai ɗaukar wutar rana. Sai Balkisa ɗiyar Ramatu, ta zo hutu. Suka ce za su yi wa lambu wani ɗan akwati da bai fi kwanon sha ba, za a soka ƙarfe a ƙasa ya riƙa jin laima, in ƙasa ta bushe akwati ya tada pompi da wutar rana, in ta sha ya kashe, kuma ya aiko saƙo a salula. Ba mai, ba ɗan ƙwadago. Babba ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya ce ya ba su rani ɗaya. In albasa ta yi, ya bar maganar. In ba ta yi ba, a kira masu rabon gado. Na ce na ji. Ban so ba, amma na ce na ji.

Suka mai da zaurena wurin aiki. Balkisa ce ta koya wa mazan biyu yaren da ake yi wa akwatin magana, wai sunansa Se. Ni na ji Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, har Yarbancin ciniki ina taɓawa, amma duk yawona ban taɓa cin karo da mutumin Se ko ɗaya a kasuwa ba. Suka raba aikin uku, kuma rabon ya yi mini kyau. Kowa da wurin rubutunsa, fishiye suke ce masa, Balkisa ta ce in ɗauka ɗaki ne a cikin gida. Ɗakin Maisuna shi ke sauraron ƙarfen da ke cikin ƙasa. Ɗakin Lawali shi ke tada pompi ya kashe. Ɗakin Balkisa shi ke aika saƙo. In kowa ya gama, sai ordinatar ta haɗa ɗakunan su zama gida ɗaya, a ɗura a akwati. Kwanaki aka yi ana shan shayi ana dariya, sai ran haɗi na ji murya ta tashi a zaure kamar an kama ɓarawon akuya.

Na fita da sandata. Babba ma yana nan a gefe, ya zo ganin inda aka kwana.

"Me ya faru, mazajen banza? Da raina kuke faɗa a ƙofata?"

Lawali ya ce, "Tsohuwa, yaron nan ne ba shi da kunya."

Maisuna ya ce, "Kaka, ni nake awo. Yaya za a ce abin ba a ɗakina yake ba?"

Balkisa ce ta warware mini. Ta ce akwai lamba ɗaya da dukansu ukun suke buƙata, lambar da ke faɗin yawan laimar ƙasa. Wurin ajiye irin wannan lamba bariyabul ake ce masa, in kuwa na gida duka ne sai a ce gulobal. Na ce ta bar ni da bariya-bariya, ta faɗi da Hausa. Ta ce to randa ce. Maisuna ya zuba abin da ya auno, Lawali ya leƙa ya san ko ya tada pompi, ita ta leƙa ta aika saƙo. Ƙa'idar mutanen Se kuwa ita ce randar a ɗaki ɗaya tak ake girka ta. Sauran ɗakuna sai su rubuta wata kalma, ekstan, ma'anarta: akwai randa mai suna kaza, amma ba a nan take ba, tana ɗakin wani. Ita ta rubuta nata tun farko, ba ruwanta da inda randa ta kwana. Amma Lawali ya girka a ɗakinsa, Maisuna ma ya girka a nasa, suna ɗaya, sai ordinatar ta ƙi haɗi, ta ce abu ɗaya masu shi biyu, ita ba ta san na wa za ta ɗauka ba.

Lawali ya ce, "Ni ne babba. Ni zan rubuta cewa kayana na ɗakin ƙanena? Sai ka ce ɗan haya?"

Maisuna ya ce, "Girman shekaru ba ya auna laima."

Na dubi Babba, na ga ya daina kurɓar shayi. Na san in na ba Maisuna, za a ce na danne gidan Babba don yana son rabo. In na ba Lawali, matar Mamman za ta kai labari har Dosso kafin la'asar. Balkisa ta ce wai a lokacin ta kawo wata shawara. Ita ke riƙe da alƙalami yanzu, ta rubuta abin da take so, ni dai ban ji ba, ta wajen kunnena na hagu ta tsaya. Abin da na tambaya shi ne:

"Randar nan da kuɗi ake sayenta?"

"A'a, Kaka, rubutu ne kawai."

"To don me ake faɗa a kan abin da ba a saye? Ba yadda za a yi kowa ya girka tasa ba tare da wannan ordinatar ta yi tsegumi ba?"

Lawali ya yi farat ya ce akwai. Akwai wata kalma, statik, in ka sa ta kamar ka sa wa ɗakinka kwaɗo ne, ba mai ganin randarka daga waje, ko da sunanta ɗaya da ta maƙwabci.

Na ce, "Shi ke nan. A ba kowa tasa, kowa ya sa kwaɗonsa."

Balkisa ta ce, "Kaka, in aka yi haka randuna biyu ne, ba ɗaya ba. Abin da aka zuba a wannan ba ya zuwa waccan. Sai dai mai buƙata ya riƙa zuwa yana tambayar mai awo."

Na ce, "To ya je mana. Ƙafarsa ciwo take yi?"

Ku riƙe wannan da kyau, ku da kuke yawo da sunana. Na ce ya je. A gaban shaidu na faɗa.

Washegari Balkisa ta koma Yamai don jarrabawa, ta bar musu kashedi kada a kunna komai sai ta dawo. Tana hawa mota suka koma zaure. Da suka sa kwaɗunansu, ordinatar ta sake ƙin haɗi, wannan karon ta ce ɗakin Balkisa yana neman randa a waje kuma ba ta ga ko ɗaya ba, duk an kulle. Ni a ganina wannan magana ce ta hankali, da mutum ne ya faɗe ta da an saurare shi. Amma Lawali ya ce ai Kaka ta riga ta yanke, ya shiga ɗakin yarinya ba sallama ya goge ekstan ɗinta, ya girka mata tata randar, ya sa kwaɗo. Ordinatar ta yi shiru. Suka tafa. Maganar zuwa tambaya kuwa, Lawali yana jira ƙane ya kawo wa wa, Maisuna yana jira mai buƙata ya zo, kowa ya ɗauka ɗayan ya yi. Jinin gidanmu ke nan. Daga wajen Malam suka gado shi.

Suka kai ni lambu ganin gwaji. Ƙasa a bushe, aka kunna, pompi ya yi tari ya fara aman ruwa. Salular Lawali ta yi ƙara: ƙasa a bushe, pompi na aiki. Muka yi murna, na yi guɗa da sauran haƙorana, Maisuna ya sa hannu ya kashe muka dawo gida. Ba wanda ya ce a tsaya a ga ko abin ya san ya daina da kansa. A hanyar dawowa Babba ya rage tafiya ya jera da ni.

"Iya, hukuncinki na ran nan ya yi mini daɗi."

"Wanne?"

"A ba kowa nasa, kowa ya sa kwaɗonsa. Na riƙe shi."

Nan na gane lambun yake nufi, da bakina ya kama ni.

Ranar da abin ya faru, suna aka yi a Yelu, gidan ƙanwar Malam, aka kwashe mu duka a bayan mota tun da sassafe. Albasa ta fara ƙwai, ganyenta kamar an shafa mai. Lawali ya ce ba a jiran mace kafin a shayar da lambu, ya kunna akwati kafin mu tashi. A wurin suna kuwa bai ci abinci ba don nuna salula. Duk wanda ya gifta sai ya tare shi: dubi, muna nan muna cin shinkafa, lambu yana shayar da kansa. Da hantsi saƙo ya zo, ƙasa a bushe, pompi na aiki. Da azahar, ƙasa a bushe, pompi na aiki. Wani tsoho ya ce kai, ƙasarku akwai ƙishirwa. Lawali ya ce ai ƙasar Gaya ke nan, ba irin ta ƙauye ba. Ni ina ciki ana ta kirana rabon nama, na kasa, aka yaba. Rana ce mai kyau ta rani, ba gajimare ko ɗaya, pano ya sha rana har ya ƙoshi.

Da la'asar sakaliya muka dawo ta gudiro. Tun daga nesa na ga wani abu na walƙiya inda lambu ya kamata ya kasance. Na ce wa direba ko mun ɓata hanya ne. Da muka sauka, kunyoyin albasa sun narke, ba ka ganin komai sai tsinin ganye yana leƙowa kamar masu neman ceto. Agwagin wani Bafillace sun zo sun yi sansani. Ruwa ya fasa shinge ya shiga dankalin maƙwabcinmu Garba, shi kuwa yana zaune a kan kututturen giginya, takalmansa a hannu. Garba Bazabarme ne, ni kuwa Bagobira ce ta wajen uba, tun muna da ƙuruciya ba mu taɓa gaisawa ba zagi.

Ya ce, "Fofo, Hajiya. Ashe shinkafa kuka koma ba ku faɗa wa bawanku ba."

Na ce, "Kai da kake zaune kamar biri, ba ka iya kashe shi ba?"

"Na je. Na tarar an sa wa akwatin kwaɗo na gaske. Gidanku akwai son kwaɗo. Wani masunci ma ya zo yana tambaya ko kun saki kifi."

Lawali ya naɗe wando ya shiga, ruwa har gwiwa. Yana tsaye a ciki salularsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga ta sama kada ta jiƙe, ya ce da ƙaramar murya:

"Ta ce a bushe."

Garba ya ce, "To ka yarda da ita mana, ɗana. Ƙafa tana ƙarya."

Abin da ya faru, yadda Balkisa ta bayyana da ta dawo, shi ne Maisuna ya yi aikinsa tsaf. Tun hantsi ƙarfensa ya ji ruwa, ya zuba labari a randarsa, ya cika ta, yana zaune a ɗaki a kulle ya san lambu na nutsewa. Lawali kuma yana leƙa tasa randar da ba a taɓa zuba mata komai ba, ya ga wayam, ya ce a bushe, a ƙara. Ɗakin Balkisa ma ya leƙa tasa, wayam, ya aiko mana da albishir. Kowa gaskiya ya faɗa. Kowa abin da ke ɗakinsa ya gani.

Ba a ɗauki ko kwandon albasa ba a ranin nan. Garba ya ƙi karɓar komai a kan dankalinsa, ya ce dariyar da ya yi ta biya shi, kuma ya tabbatar ba wanda ya rage a Gaya bai ji ba. Daga lokacin in ruwan sama ya cika lungu sai ka ji yara na cewa rabon Hajiya ya iso. Watandar da ta biyo baya wata mata aka kira, wadda ba ta san bambancin ƙoda da saifa ba.

Da Balkisa ta dawo na tara su duka a tsakar gida, da Babba da Mamman. Na ce randa ɗaya za a yi. Lawali ya ce a ɗakin wa. Maisuna ya ce a ɗakin wa. Na ce ba a ɗakin kowa ba, a gina na huɗu, kada a sa komai a ciki sai randar, kuma a kira shi da sunana, in ga wanda zai ji kunyar cewa kayansa na ɗakin kakarsa. Balkisa ga ta yanzu tana cewa wai wannan ce shawarar da ta kawo tun farko. Na ce ta ci gaba da rubutu. A taron nan ta ƙara da cewa akwai wata 'yar takarda da ake yi, antet, a rubuta ekstan ɗin sau ɗaya a ciki, kowane ɗaki ya rataya ta a ƙofarsa, don kada wani ya tashi da safe ya faɗi sunan randar yadda ya ga dama. Na ce a rataya. Sai ta kawo mai wuyar. Ta ce randar da kowa ke iya sa hannu, wata rana wani zai zuba abin da ba shi ba, a rasa wanda ya yi. Gara a ce hannu ɗaya ke zubawa, sauran leƙe kawai.

Wannan ba ya rabuwa, kuma ba a samo na biyu. Na dubi Lawali, yaron da na goya uwarsa tana jinya, na dubi ubansa.

Na ce, "Mai awo shi ke zubawa. Maisuna. Kai Lawali leƙe ne naka."

"Tsohuwa, ni ne babba."

"Na sani, ni na yanke maka cibiya. Ka leƙa da girmanka."

Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya fita. Tunda nake, ranar ce na fara sallamar yaro da kashin da bai kai na ɗan'uwansa ba. Ya ƙetare gada ya buɗe rumfar gyara a can, aka daɗe tuwona bai ga hannunsa ba.

Saura Babba. Ya bari kowa ya watse, sannan ya matso.

"Iya, rani ya wuce. Albasa ba ta yi ba."

Na ce, "Ka dai ga abin da rabo ya yi."

"Na gani. Amma lambu ba ordinatar ba ne, kuma alkawari alkawari ne."

Gaskiya ya faɗa, ni na haife shi ban koya masa ƙarya ba. Sannan na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, lambun yake so ko bakin hanyar. Ya ce bakin hanyar. Na ce to ni ma magajiya ce, ina da tumunina a dukiyar Malam, kuma ban taɓa tambaya ba. A fitar mini da shi ta sama, bakin gudiro, na ba shi kyauta ya ajiye kamyonsa. Nasa kason kuwa ya bar shi a ciki tare da na 'yan'uwansa, kada a ja igiya a tsakani muddin pompi na tashi.

"Iya, mangwaronki fa yana wurin."

"Na san inda na dasa shi."

Ya ce ba zai iya karɓa ba. Na ce ba tambayarsa nake yi ba. Aka kira malamai da shaidu aka auna, aka fitar, na ba shi a gabansu. Ranar ba ni na yi rabon ba, zama na yi ina kallo kamar baƙuwa, kuma na lura igiyarsu ta ɗan karkace, amma na kame bakina.

Rani na gaba aka sake kunnawa. Wannan karon na sa aka kai mini tabarma, na ce ba mai motsawa sai mun ga ya daina. Ruwa ya bi kunya-kunya, ƙasa ta yi baƙi, muna zaune, Garba yana kan kututturensa ya riga ya cire takalma don tsokana. Can sai pompi ya yi tari ya yi shiru da kansa. Salula ta ce ƙasa ta sha. Garba ya mai da takalmansa ya ce ya yi asarar zuwa. Ban yi guɗa ba, don ranar da na yi ba ta yi mini kyau ba. Har yau duk lokacin da wani abu ya samu akwatin, ko ɓera ne ya ci waya, sai ka ji suna cewa a fara duba ɗakin Kaka. Ni ake fara zargi. Ban damu ba, wanda ake nema shi ake zargi.

Cikin waɗanda suka ga wannan, Garba ya riga mu, Allah ya jiƙansa, har ciwon ajalinsa in na je dubiya sai ya ce a ɗaga masa takalma. Ƙanwar Malam ta Yelu ma ta tafi. Babba yana nan, furfura ta kama shi, bai sare mangwaron ba, direbobinsa ke kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yan tun suna ɗanye. Mamman da Ramatu suna nan. Maisuna ya yi aure, shi ke kula da lambu. Lawali ya dawo wata Babbar Sallah ba wanda ya kira shi, ya zauna ya ci tuwo kwano biyu, ya ce miya ba gishiri, na san mun shirya. Balkisa ga ta nan tana murmushi tana zaton ban gani ba. Ni kuwa yau ba ni da ko taki ɗaya a lambun Malam. Abin da na mallaka a can ɗaki ne a cikin akwatin da bai fi kwanon sha ba, da randa ɗaya a ciki. Na tambayi Balkisa me zai faru in an rushe ɗakin, ta ce sauran ukun za su yi ta nuna wurin da ba kowa, ordinatar ta ƙi haɗa su. Don haka in kun kai ni kun dawo, ku raba zannuwana da kwanonina yadda kuka iya, na san ba za ku iya daidai ba. Ɗakin nan dai ku bar shi. Ba ya cin tuwon kowa.